Amya Biyu Daga Jabal Awliya

Ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba, na bar gidanmu a Alsawra da buhun busasshen kashin shanu a kafaɗa. Jiya Baffa Idi, ƙanen mahaifina, ya bugo waya cewa an sayar da gonar da marigayi Babanmu ya rataye amyoyinsa uku, kuma yau za a sare bagaruwar.

Omdurman zuwa Khartoum

Hafila, wato motar bas ta haya, ta cika shida saura, amma muka maƙale a kan gada minti arba'in. Sai duba agogo nake. A Suk Arabi ko shayi ban tsaya sha ba, na faɗa motar Jabal. Bayan Kalakla aka tsayar da mu taftish, wato binciken kaya. Ɗan sanda ya kwance buhuna, ya ja da baya.

"Da shinu? Mene ne wannan?"

"Na hayaƙi ne, don ƙudan zuma."

Ya toshe hanci ya ce mu wuce.

Jabal Awliya

Tara da minti goma na isa, tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai. Baffa na bakin gona da sandarsa, an riga an kayar da bishiya ɗaya. Amyar da ke kanta ta fashe, ƙudan sun kori masu saran har bakin ruwa.

"Idi, ka makara," ya ce. Sunansa aka sa mini. "Saura biyu. Hau."

"Baffa, rabona da hawa bishiya shekara ashirin."

"Ni kuwa shekarata saba'in. Wa zai hau?"

Ina hura wuta yana ta magana, kamar ba sauri muke ba. Mutanen nan kututturen giginya suke fafewa, wasu tukunya suke kifawa, 'yan zamani kuma akwatin katako. Amyar ciyawa da ake saƙawa a shafe da kashin shanu kuwa, kakanmu ne ya zo da ita a kansa daga ƙasar Haɗeja, kan hanyarsa ta Makka, ya koya wa 'ya'yansa a gonakin audugar Jazira.

Na hau. Na turara, na toshe bakin amya da tsumma, na zuro ta da igiya. A ta biyu tsumman ya zame. Harbi tara na ƙirga kafin na daina ƙirgawa, amma ban saki igiyar ba. Kafin azahar keken jaki ya kai su gonar wani abokin Baffa, muka rataye su a sabon reshe, sannan muka ci soyayyen kifin bulti a bakin madatsar ruwan garin.

Gida

Biyar da rabi na shiga gida, ido ɗaya a kumbure, riƙe da kwanon saƙar zumar da muka tsinta daga fasasshiyar. Inna ta lakata ta ɗanɗana.

"Nawa ka tsirar?"

"Biyu, Inna."

"Alhamdu lillahi. Juma'a ka koma Baffanka ya koya maka saƙa ta ukun, tun yana da ido."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Juma'ar kuwa na koma.