Ranin da Ɗiyar Ƙanena Ta Zauna Wurina

Da rani ƙanena ya kawo mini ɗiyarsa Kaura Namoda, shekarar da 'yan bindiga suka sa malamai suka daina zuwa ƙauyenmu, can gefen Gurbin Bore. Ba ta wuce shekara biyar ba. Ya sauke ta daga babur, ya ce, "Yaya, riƙe mani ita har ƙura ta lafa." Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Yarinyar ba ta cika magana ba. In babur ya wuce da ƙara sai ta maƙale a bayan randa. Ni kuwa Allah bai ba ni haihuwa ba, karatuna ma iyakarsa firamare. Ƙosai nake soyawa a ƙofar gida, maigidana kuma direba ne a hanyar Shinkafi.

Wata safiya ina surfa wake na ga tana bin rubutun jikin buhu da yatsa.

"Gwaggo, mi ne ne wanga?"

Turanci ne, ni ma ban iya ba. Sai na zaro gawayi daga murhu na rubuta "wake" a bango, na karanta mata a hankali. Ta maimaita. Washegari muka rubuta "turmi", sai "ƙofa", sai "kaza". Da maigidan ya dawo ya tarar da bango baƙi ƙirin, ya yi ta mita. Amma shi ɗin ne ya shigo mata da wani ɗan littafin Hausa mai hotuna da ya saya a tasha.

Ba kullum abin ke tafiya ba. Takan rikita "b" da "d", ta yi fushi ta jefar da gawayin. Ni ma wani lokaci gajiya kan hana ni. In na gama suya mukan zauna a tabarma, ina karantawa tana riƙe da yatsana. Ranar da ta haɗa "akuya ta ci dawa" da kanta, ta kwashe da dariya. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ran nan.

Da damina ta faɗi ƙanena ya dawo. Matarsa ta haihu, ba mai raino, ga aikin gona.

Na ce, "Bar mini ita, na sa ta makaranta a nan. Ta fara karatu fa."

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, uwarta kullum kuka takai."

Na ɗaure mata kayanta a ɗankwali, suka tafi.

Hanya ta ƙara lalacewa, muka daɗe ba mu gana ba, sai da mahaifiyarmu ta rasu na je gaisuwa. Makarantar ƙauyen na nan a rufe, iska ta yaye rabin kwanonta. Na iske yarinyar ta yi tsawo, goye da ƙaninta. Na ja ta gefe, na rubuta sunanta a ƙasa da kara.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Gwaggo, da can na san shi."

Na fara nuna mata harafin farko, uwarta ta ƙwala mata kira ta zo ta kama daka. Direban motar da ta kawo ni ma ya aiko in yi sauri, don ba mai bin hanyar nan bayan la'asar. Na ɗauki mayafina na fita.