Muryar da Ke Sanar da Ruwa

Suhaibu ɗan Malam Dalhatu mai facin taya ne a Kura. Daga sakandare ya tsaya, ya koyi gyaran waya a bakin tasha. A shagonsa ɗana Taufiq yake yini, bayan ya gama jami'a bai sami aiki ba.

Su biyun suka lura manoma kan ɓata yini guda a bakin magudanar ruwan noman rani suna jiran a sako ruwa. Suka haɗa manhajar da ke kiran manomi ta sanar da shi ranar da ruwa zai iso layinsa. Ba kowa ke karanta saƙo ba, don haka aka naɗi murya. Suhaibu yana da in'ina, sai Taufiq ya yi maganar.

Shekara biyu ke nan da rasuwar Taufiq. Zazzaɓin kwana huɗu ne.

Yau Suhaibu yana da ma'aikata goma sha ɗaya da ofis mai sola. Malam Dalhatu ya bar faci, yana zama kan benci a ƙofar ofishin, ana gaishe shi. Nakan canza hanya. Na yarda da ƙaddara, na kuma san sunan abin da nake ji. Sanin bai rage shi ba.

Ba ni da gona, amma lambata tana cikin jerin. Duk Talata wayata kan yi ƙara: "Salamu alaikum, ruwa zai iso layinku gobe da safe."

Makon jiya Suhaibu ya zo, ya tsuguna.

"Baba, za mu buɗe reshe a Bunkure. Sunayen layukan can ba sa cikin muryar marigayi, murya biyu kuma tana rikita manoma. Wata yarinya, Raliya, za ta sake naɗar komai."

"Mutum nawa za ku ɗauka?"

"Shida."

"Sai babanka ya ƙaro benci."

Ya sunkuyar da kai. Na ji kunyar maganar, amma ban janye ta ba.

"In ba ka yarda ba, Baba, sai mu fasa."

Na san da gaske yake. Na bar shi a tsugune fiye da yadda ya kamata, kuma na ji daɗin hakan. Sannan na ce, "Ku buɗe. Lambata kawai ku bar ta yadda take."

Talatar nan ina zaune da maƙwabcina Sammani wayarsa ta yi ƙara, muryar mace ce. Tawa ta biyo baya. Sai da na shiga ɗaki na tura ƙofa sannan na ɗauka.