Torunn Mai Saƙa, Wadda Ta Mayar wa 'Yata Kwamfutarta

Kullum da ƙarfe tara saura kwata Torunn Vikebø takan gangaro laburare a kan kekenta. A watannin sanyi gari bai waye ba a lokacin, sai dai ka hango fitilar keken tana lilo a gefen teku kamar tauraron da ya ɓata hanya. Ta buɗe ƙofa, ta kakkaɓe ƙanƙara daga takalmanta, ta ɗora kofi, ta kunna kwamfutoci ukun nan na bakin taga, sannan ta zauna ta ɗauko saƙarta. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka a tsibirinmu, ranar Juma'ar nan kuma za ta miƙa makulli ta yi ritaya.

Kowa a nan ya san ƙa'idarta: ba ta taɓa wa mutum kwamfuta. Za ta jawo kujera kusa da kai, hannunta na kan saƙa, da baki kawai za ta nuna maka inda za ka danna. Tsoho Sverre, wanda ya yi shekara arba'in yana tuƙa jirgin fito, ya taɓa fusata da ita a gaban mutane.

"Haba Torunn! Abin da za ki yi cikin minti ɗaya kike wahalar da tsoho a kai?"

"In yi maka yau, gobe ka dawo ka shanye mini kofi? Danna nan, kyaftin. Can jirginka wa yake riƙe maka sitiyari?"

Yau Sverre ke tura wa jikokinsa hotuna, har sun fara roƙonsa ya rage.

Nawa labarin ya fi wannan nauyi. Ni ma'aikacin gonar kifi ne, karatuna bai yi nisa ba, kuma mu biyu ne a gida, ni da 'yata Ylva. Tana da farfaɗiya. Likita ta ɗora ta kan magani, ta ce a kiyaye ta da haske mai ƙyaftawa. Bara a watan Nuwamba tana neman wani abu na aikin makaranta, sai wani talla ya faɗo mata kan shafi, ja da fari, yana walƙiya. Daga kicin na ji faɗuwar kujera. Da ta farfaɗo, ta yi barci, na ɗauki kwamfutar na kai rumfar kwalekwale, na tura ta ƙarƙashin taru na kulle.

To, makarantar su Ylva tana ƙetaren ruwa, a jirgin fito take zuwa, kuma duk ranar da iska ta hana jirgin tashi ta intanet ake darasi. Sanyin bara iska ba ta raga mana ba. Malamarsu ta rubuto mini cewa in aka ci gaba a haka, yarinyar ba za ta sami makin shiga babbar sakandare ba. Ylva ba ta yi gardama da ni ba, da ma ta yi. Sai ta daina magana. Ta wuni a taga tana kallon teku, kamar mai jiran wani jirgin da ba ya cikin jadawali.

Na tafi wurin Torunn na roƙe ta ta buga mini dukkan darussan a takarda.

"Dukkansu? Oddvar, dajin wa za mu sare mu yi takardar?" Ta dube ni ta saman tabarau. "Je ka ɗauko kwamfutar."

Da na ajiye ta a tebur, ta toshe hanci. "Wannan kwamfuta ce ko busasshen kifi?"

Ban yi dariya ba. Na ce mata wannan abin ya kusa raba ni da 'yata, ba zan sake buɗe mata shi ba. Torunn ta ajiye saƙa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce laifin ba na kwamfutar ba ne gaba ɗaya. Akwai manhajar da ake shiga intanet da ita, burauza, wadda muke amfani da ita kuwa yadda aka saita ta, duk wanda ya zo da ganga da fitila buɗe masa ƙofa take yi.

"Akwai wasu. Wadda ta zo da na'urar ai ba aure aka ɗaura muku ba."

Da yatsuna, waɗannan da igiya da ruwan gishiri suka kangarar, na sauko da sabuwar burauzar daga intanet. Sau biyu ina danna inda bai kamata ba, ita kuwa ta koma kan saƙarta tana ƙirga ɗinki. Manhajar ta tambaya ko a kwaso shafukan da Ylva ta adana da kalmominta na sirri.

"Ce mata e. Kada yarinya ta dawo ta tarar an yashe mata ɗaki."

Muka kunna abin da ke tare talla. Muka hana bidiyo tashi sai an ce ya tashi. Ta nuna mini wata 'yar alama mai kama da buɗaɗɗen littafi, wadda in ka danna ta shafi zai zubar da duk tarkacensa ya bar rubutu zalla, kuma kana iya rage masa fari ya koma kalar yashi. Sannan ta ce in buɗe shafin nan, wanda ya kayar da 'yata.

Yatsana ya daɗe a sama. Na danna. Shafin ya zo shiru. Babu abin da ya motsa, baƙaƙe ne kawai jere a kan yashi, kamar tekunmu da safiyar Yuni lokacin da ko tsuntsu bai taɓa ruwan ba. Na zauna ina kallo.

"Ni ba likita ba ce," in ji Torunn. "Kira likitarta ka gaya mata abin da muka yi. In ta ce a'a, to a'a ne."

Likita ta yarda, da sharaɗin hutu a kai a kai. Washegari na kawo Ylva, na tsaya a bayan kujerarta. Torunn ta miƙo mini kofi ta nuna can ƙarshen ɗaki.

"Can za ka zauna, ka ba ta baya. Wannan hucin naka a wuyanta ya fi tallan tayar da hankali."

Na ba ta baya, amma gilashin taga ya nuna mini ita. Fuskarta na yawo a kan ruwan da ke waje, tsakanin kwalekwale da tsuntsaye, dusar ƙanƙara na sauka ta cikin gashinta, tana karatu. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can na ji muryar da na yi mako uku ban ji ba.

"Baba, ka sha kofinka mana. Ina ganinka fa a gilashi."

Torunn, ke ce fitilar bakin teku, mai haske ba ƙyaftawa. Ke ce kika ga namiji ƙato yana tsoron allo ba ki raina shi ba, ba ki kuma ƙwace masa aikin ba. Da kin gyara mini da hannunki, da na koma gida ina zargin abin da ban fahimta ba, da na sake kulle shi ranar da tsoro ya dawo. Kin sa na ga kowace ƙofa da na rufe da idona. Shi ya sa na iya barin yarinyar ta karanta. Na gode, Ylva ta gode.

Ku kuma maƙwabta, ƙarfe biyu na ranar Juma'a za mu taru a laburare. Ku zo da waina da jan cuku, kofi dai ba a rasa shi a can. Wanda duk ya koyi abu a gefen kujerar matar nan, akwai wani a layinsu da tsoro ya hana shi tambaya. Ya neme shi, ya zauna da shi, ya yi haƙuri da jinkirinsa.

Ylva ta sami makinta. A watan Agusta za ta koma ƙetare da zama, inda ba zan ji faɗuwar kujera ba ko da ta faɗi. Ba zan ce tsoro ya bar ni ba, Torunn, kin san ni. Amma na yi mata alkawari, ni da kaina zan ɗaukar mata jakar kwamfutar har cikin jirgi.