Shirin da Zulkiflu Ya Faɗa da Turanci

Zulkiflu ya tashi a gidan da ba a faɗin abin da za a yi. Mahaifiyarsa, Inna Batulu, ko kasuwar Illo za ta kai nono, in maƙwabciya ta tambaye ta sai ta ce nan kusa za ta leƙa. Ba ta taɓa cewa saniya kaza na da ciki ba, sai dai a wayi gari a ga maraƙi yana tangaɗi a turke. Ita ba ta ɗauki wannan ƙarya ba. Baki take tsoro. A ganinta mutum zai yaba maka abu da zuciya ɗaya, bai nufe ka da sharri ba, abin ya lalace a hannunka. Shekarar da mijinta ya faɗa a majalisa cewa zai sayar da bijimai ya tafi Makka, ciwon huhu ya shiga garkensa. Bai je Makka ba, bai kuma daɗe bayan shanun ba. Tun daga nan Inna ta ƙara wa tsoronta dabara: in an matsa maka sai ka faɗi inda ka dosa, to nuna wata hanyar daban, baki ya bi can.

Da wannan tarbiyya Zulkiflu ya yi firamare a Illo, ya yi sakandare a Bagudo, ya tafi birni ya karanto lafiyar dabbobi. Har ya dawo da difloma, rabin danginsa sun zaci gadi yake yi a can. Aikin gwamnati bai samu ba. Ya zauna a shagon Alhaji Namadi da ke bakin kara, kasuwar shanu, yana sayar da maganin sammore da na hanta, yana bin makiyaya ruga yana yi wa shanu allura. Shekaru suka tura, ya doshi talatin, bai yi aure ba, babur ɗin da yake hawa ma na shago ne.

Sai labari ya zo cewa wata ƙungiya za ta fara rigakafin shanun da ke kai da komo tsakanin nan da Jamhuriyar Benin. Mutum ɗaya za ta ɗauka daga ɓangaren Illo. Ardo Malami, shugaban makiyayan yankin, shi zai ba da suna, daga nan a kira mutum Bagudo a yi masa intabiyu da Turanci. Wata ranar kasuwa Ardo ya tsaya a ƙofar shago, ya riƙe hannun Zulkiflu fiye da yadda gaisuwa ke buƙata, ya ce a hankali, "Ɗana, ka gyara Turancinka."

Bai ƙara ba. Zulkiflu ma bai tambaya ba. A wurinsu an yi alkawari ke nan.

Akwai wani malamin sakandare, Muktar, da ke tara matasa bayan la'asar a wani ajin firamare suna koyon magana da Turanci. Can Zulkiflu ya fara zuwa. Ya tarar da 'yan kabu-kabu, da Mashkura tela wadda bakinta ba ya hutawa, da kuma Sufyan. Tare suka yi kiwo suna yara shi da Sufyan, tare suka yi sakandare. Sufyan ya fara karatun lafiyar dabbobi bai ƙarasa ba. Ɗan ƙanwar matar Ardo ne. Da suka haɗa ido a ajin, ba wanda ya tambayi wani abin da ya kawo shi.

"Yau magana za mu yi," in ji Muktar. "Duk inda kunka je neman aiki, abu ukku za a tambaye ku: mi kake yi, mi ka karanta, ina ka dosa nan gaba. Kowa shi tashi shi faɗi nashi. Mashkura, bisimilla."

Mashkura ta miƙe ta ce, da Turancin da ke tuntuɓe yana tashi, ita tela ce, kuma za ta buɗe kamfanin ɗinki a Abuja.

"Da keken nan naki mai tari?" in ji wani ɗan kabu-kabu.

"Ya fi babur ɗinka da sai an tura shi shi tashi. Malam, ka faɗa mashi da Turanci, ko ya ji zafi."

Aka kwashe da dariya. Layi ya zo kan Zulkiflu. Na farko da na biyu ba su ba shi wahala ba: yana aiki a shagon magani, ya karanta lafiyar dabbobi. A na uku ya tsaya. Ya dubi fuskokin da ke jiransa. Ba maƙiyinsa a ciki, amma bakuna ne.

Ya ce zai bar harkar shanu. Zai ƙetare iyaka ya zauna a Malanbil, ya shiga fataucin albasa.

Bai san daga ina albasar ta zo masa ba. Wataƙila motar da ya gani da safe ce.

"Madalla!" Muktar ya tafa. "Kun ji? Gajere, a fili. Amma don mi za ka bar shanu? Za su tambaye ka dalili."

Zulkiflu ya lalubo dalili. Ya ce ya gaji.

Da ya ba Inna labari tana tsinkar ganye a bakin murhu, ta yi murmushin da ba ta cika yi ba. "Ka yi daidai," ta ce. "Bar su su ci albasa."

Muktar mutum ne mai son maimaici. Duk zama sai an koma kan tambayoyin nan, kuma kowane zama yana son a ƙara wani abu. Sauran ɗalibai shirinsu na sauyawa. Mashkura ta bar Abuja ta koma Dubai. Na Zulkiflu kuwa sai girma yake yi. Ya sami rumfa a kasuwar Malanbil. Ya sami ɗaki mai taga tana kallon kogi. Zai koyi Faransanci, ya gyara Dandancinsa, yaren mutanen can. Ya ce yana son aikin da in ya rufe ƙofa da yamma ya rufe ke nan, ba wanda zai buga masa waya saniya ta kasa haihuwa. Yana son garin da in ya wuce ba za a ce ga ɗan wane da shanunsa suka ƙare ba.

Abin da bai so ya lura da shi ba shi ne, in yana bayanin aikinsa na gaskiya, allura da awon magani, harshensa yakan yi nauyi, kalmomi su gudu. Da ya shiga albasa sai Turanci ya saki jiki. Bai taɓa faɗin cewa ya gaji da wani abu da Hausa ba, balle da Fulatanci, inda za a ji kunya a madadinsa. A Turanci kuwa ba wanda ya haife shi. Yakan fito daga ajin jikinsa sakayau, ya gaya wa kansa cewa dabara ce kawai take aiki.

Wata rana suna fitowa Sufyan ya rage masa hanya a babur.

"Albasa, ko?" in ji Sufyan, bai waiwayo ba.

"Albasa."

"Allah shi sa albarka. Inna na lafiya?"

"Lafiya lau."

Sufyan ya yi 'yar dariya. Ya san Inna Batulu, ya sha nono a ƙwaryarta. Tasa uwar ma haka take yi. Duk ajin in akwai wanda ya san albasar nan ba ta da tushe, shi ne. Wannan ya kwantar wa Zulkiflu da hankali, ya ɗauka sirri ne tsakanin waɗanda suka san juna.

Bayan ruwa ya fara janyewa daga fadamun Kaoje, Ardo ya aiko a kira Zulkiflu. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi. Ya tarar da Ardo a ƙarƙashin rumfa da dattawa kewaye da shi. Sufyan na gefe yana zuba shayi. Zulkiflu ya cire takalmi, ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi shanu da ruwa da sauro.

"Ɗana," in ji Ardo, "munka ji za ka ƙetare."

Zulkiflu ya ɗago kai.

"An ce gaban mutane ka faɗa, ba sau ɗaya ba. An ce har ɗaki ka samu. Na so in ji daga bakinka, amma na san kunya ba ta barin ka. Ba laifi. Nema ai ba inda ba a yin shi." Ya kurɓi shayi. "Zancen mutanen rigakafin nan, sun ce a ba su wanda zai zauna. Ban so in ɗaure ka. Shi ya sa na ce bari in tambaye ka gaban iyayenka kafin in aika masu: haka zancen yake?"

Ƙofa ce aka bar masa a buɗe, kuma kowa a rumfar ya san ba za ta shigu ba. In ya ce ƙarya ya yi, sai a tambaye shi dalili. Dalilin kuwa shi ne yana tsoron bakin mutanen da yake zama da su, har da wanda ke zuba shayin nan, ɗan gidan Ardo. Sannan sai ya faɗi da bakinsa, a gaban dattawa, cewa aikin yake so, ya sa rai, ya dogara da maganar da aka yi masa a ƙofar shago. Bai taɓa jin wani nasa ya yi irin wannan magana ba.

Ya dubi Ardo. Tsohon ya san Inna Batulu tun tana amarya. Ya san yadda ake nuna wata hanya a gidanta. Idonsa na kan kofin shayi, fuskarsa a sake, irin ta mutumin da aka sauke wa kaya: matarsa ta daɗe tana yi masa zancen ɗan ƙanwarta, yanzu ga mafita ta zo da ƙafarta, ba tare da ya karya magana ba.

Akwai kuma wani abu can ƙasa, wanda Zulkiflu ya fi jin haushinsa daga baya. Da Ardo ya ce "za ka ƙetare", kafin tsoro ya zo, daɗi ya fara ji.

"Haka ne, Baffa," ya ce.

"To, Allah shi ba da sa'a. Allah shi tsare hanya."

Dattawa suka shafa. Sufyan ya miƙo masa shayi da hannu biyu. Ya karɓa ya sha.

Sunan Sufyan ya tafi Bagudo. Daga nan abubuwa suka bi junansu ba tare da kowa ya yi mugunta ba. Alhaji Namadi ya ce ya ji labari, ya yi ɓacin rai da ba a gaya masa ba, amma ya riga ya yi wa wani magana ya zo ya riƙe shagon. Makiyayan da yake yi wa allura suka fara kiran wani. A masallaci ana tsayar da shi a ba shi sallahu: in ka isa ka gaida wane, ka ce wa wance an haihu. Mashkura ta tare shi a hanya ta ce, "Alhajin albasa, har yanzu kana nan? Ko jirginka bai sauka ba?" Muktar kuwa yana ba sababbin ɗalibai misali da shi, mutumin da ya san inda ya dosa.

Inna, da ta ji aikin ya kuɓuce, ba ta zargi albasa ba. Ta ce lallai wani ya gan su ranar da Ardo ya riƙe hannunsa.

Ya zauna a gida har zaman ya fara yi masa ciwo. Ba shago, ba babur, duk wanda ya gan shi tambaya ɗaya ce. Wani direba da ke ɗauko kaya daga Malanbil ya ce ana neman masu loda buhuna, in yana so ya bi shi ta iyakar Lolo. Ba rumfa, ba ɗaki. Ya ce to.

Da safen da zai tafi ya sami Inna tana wanke ƙore. Ya tsuguna kusa da ita. Maƙwabciyarsu na shanya a bayan dannin kara, tana jin su.

"Inna, za ni Malanbil. Yau. Ban san ranar dawowa ba."

Ta saci kallon danni, ta dube shi, idonta ya yi haske. Ta ɗaga murya yadda za a ji.

"To, Allah shi kiyaye. A gaida mutanen Malanbil."

"Inna, da gaske nike."

"Na ji mana." Ta rage murya, ta taɓa gwiwarsa da jiƙaƙƙen hannu. "Haka nika so. Ko ni kak ka faɗa ma inda za ka. In ka biyo ta kasuwa da marece, ka riƙo man kanwa."

Ya daɗe a tsugune yana kallon hannuwanta. Sannan ya miƙe, ya ɗauki jakarsa da ya ajiye a zaure, ya fita. Ba ta rako shi ƙofa ba.