Zaren Awon Mma

Har yau idan na ga an baza jigida a kan tebur a bakin hanya, rana na dukanta, kowa na ɗagawa yana ajiyewa, sai in kau da kai. Na tsufa, haƙorana ma sun fara sallama da ni, amma abin da ni da yayana muka yi wa mahaifiyarmu a Zogbeli, unguwarmu a Tamale, bai huce mini ba. Haushin yayan nawa na fi ji, ba zan ɓoye ba. Sai dai duk sanda na gama zaginsa a zuci, sai in tarar akwai sauran zagi, kuma wannan sauran nawa ne.

Mahaifiyarmu, da muke kira Mma, shirya duwatsu ce sana'arta. Tana yin sarƙar wuya da abin hannu da 'yan kunne, amma da jigida aka san ta. Ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta aika talla. Mace ce za ta zo har ɗakinta, a tura ƙyaure, Mma ta ɗauko farin zare ta zagaya ƙugunta, ta ƙulla daidai inda ya haɗu, ta bar rara kamar taƙi guda, ta yanke. A bakin zaren sai ta zura duwatsu uku ko huɗu na launin da matar ta zaɓa. Daga ranar wannan zare ya zama na matar, ana rataye shi a wata ƙusa a bayan ƙofa tare da na sauran. Idan ta ƙara jiki ko ta rame, a ƙara sabon ƙulli.

Babu suna a jikin ko ɗaya. Idon Mma ya fara hazo, amma da ta shafa zare za ta san mai shi. Ni ma na san su, domin tun da aurena na fari ya mutu na dawo gida, ni ce idonta, ni ke zura mata ƙananan duwatsu. Sau ɗaya tak ta yi mini magana a kan ƙusar.

Ta ce, "Abin da ke nan, mutum uku suka san shi: mai shi, da mijinta, da ni. Ke ta huɗu ce don dole, saboda idona."

Shekarar da aka sauke tutar Bature, azumi ya biyo baya ba da jimawa ba. A al'ada, daga goma ga azumi ɗakin Mma ba ya rabuwa da takalma a ƙofa, kowace mace na son sabuwar jigida da sarƙar Sallah. A wannan shekarar takalman sun ragu. Motoci sun kawo duwatsun roba daga kudu, masu ƙyalli, masu arha, an shirya su tun daga can, ka saya ka sa. Na damu ƙwarai. Mma kuwa ko a jikinta, tana zaune a tabarma tana tsince murjani kamar mai tsince shinkafa.

Ana cikin haka yayana ya dawo daga Kumasi, inda ya yi shekara uku yana tsaron shagon yadi na wani Balarabe Kwara. Ya dawo da baƙin tabarau, da garmaho, da bakin da ba ya rufuwa. Shekara uku yana auna yadi, amma ka ji shi sai ka ce shi ya karɓo wa ƙasar 'yanci da hannunsa.

Ya ce, "Mma, duniya ya canza fa. Yanzu Gana ne. Ba a zama a ɗaki ana jiran kastoma. A Kumasi kaya ne yake fita ya kira mutum. Bari in sa tebur a bakin kasuwa, ki ga yadda za a yi ciniki paa."

Mma ta ce, "Sarƙa da 'yan kunne ka ɗauka ka kai. Jigida ba ta fita."

Ya kai sarƙa da 'yan kunne. Ya kunna garmaho, mutane suka taru suka sha kiɗa a banza, suka wuce suka sayi na roba. Kwana biyu yana dawowa fuska a murtuƙe.

Sai 'yar ƙanwar Mma ta haihu a Nyanshegu, Mma ta ɗaure ƙunshinta ta tafi, za ta zauna har suna. Ƙurar tafiyarta ba ta kwanta ba yayana ya shigo ɗakin, ya tsaya gaban ƙusar nan yana kallo.

Ya ce, "Ke, a shagon maigidana, in ana so atamfa ya tafi, cewa ake wannan irin na matar wane ne. Kafin azahar ya ƙare. Mata ba kaya suke saye ba, matar wane suke saye. Wanne ne na manya a nan?"

Na san amsar da ta kamata. Ba yarinya ba ce ni, na yi aure na fito, ni ma zarena na kan ƙusar. Amma ya ce hannuna ya fi na Mma sauri, ya ce bayan Sallah zai sayo mini keken ɗinki, ya ce in ba mu yi wani abu ba roba za ta kashe sana'ar. Ni da na daɗe ba a yaba mini ba, sai kaina ya kumbura. Na miƙa hannu na zaro guda shida. Na ce wannan na matar mai goro ne, wannan na matar babban tela, wannan kuma na amaryar mai motocin unguwar Kanvili. Na zauna na kwaikwayi kowanne, launi da tsawo, har ƙullin ƙarshe, domin an koya mini in yi aiki daidai.

A kwana na uku na je kasuwa in ga idona. Tun daga nesa na hango cunkoso. Garmaho na kuka, yayana na tsaye a kan akwati da tabarau, ya ɗaga jigida sama da hannu biyu yana juyawa da ita.

Yana cewa, "Ga irin na amaryan mai motocin Kanvili. Kala ɗaya, awo ɗaya, ba bambanci kuraa, ko kaɗan. Ki sa ki zama matan mai mota."

Ba mata kaɗai ke wurin ba. Akwai mahauta, akwai 'yan kamasho daga tasha, akwai masu zaman kashe azumi da ba su da aikin yi. Wani direba ya karɓi jigidar ya buɗe ta tsakanin hannayensa, ya juya yana nuna wa abokansa faɗinta, aka kwashe da dariya. Sai wata mai sayar da daddawa, tsohuwa mai idon tsiya, ta karɓa ta gwada da kamunta, ta taɓe baki.

Ta ce, "Wannan yarinya da na sani siriri? In dai wannan ne awonshi yanzu, to ciki gare shi."

Gaskiya ta faɗa. Mako biyu kafin nan amaryar ta zo, Mma ta ƙara mata ƙulli, suka haɗa ido. Cikin fari ne. A wurinmu ba a faɗinsa, sai ya fito da kansa ya faɗi kansa.

Na matsa na ja rigar yayana. Na ce, "Yaya, bari kiran mutane."

Ya ce, "Kastoma na so. Je ki ƙaro, tebur ya kusa ƙarewa."

Na koma gida na ƙaro. Wannan shi ne abin da nake so a sani, domin na sha ba da labarin nan ina tsallake shi. Na ji abin da na ji da kunnena, na dawo na zauna a tabarmar Mma na shirya wasu. An yi ciniki kuwa. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Kafin Mma ta dawo babu ƙwayar dutse ko ɗaya a cikin kwanukanta, masu kayan roba har hararar teburinmu suke yi.

Ta dawo ana saura kwana uku Sallah. Yayana ya tare ta baki har kunne, ya ajiye mata turmin atamfa sabuwar yayi, ya ce albarkar tebur ce. Ta shafa kwanukanta ta ji wayam, ta juyo wajena. Na ce sarƙoƙi ne suka tafi. Ƙarya na yi mata, ina azumi.

Da la'asar Bafillatanar da ke kawo mana nono daga bayan gari ta yi sallama. Ta fi shekara goma tana shiga gidanmu, kuma babu gidan da ba ta shiga a Tamale. Ranar ba ta sauke ƙwaryarta ba. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta gaida Mma, ta faɗa mata komai, tebur da garmaho da direba da mai daddawa, muryarta ko tashi ba ta yi ba.

Ta ce, "Mma, nawa bai fita ba, na sani. Ni ba matan manya ba ne. Amma a ba ni zare na."

Mma ba ta tambaye ni ko gaskiya ne ba. Ta tashi, ta lalubi ƙusar, ta shafa, ta zaro ɗaya mai jan dutse biyu da fari ɗaya, ta miƙa mata da hannu biyu.

Daga nan suka fara zuwa. Takalman da na yi ta jira tun goma ga azumi, ga su nan a ƙofa har sun yi layi. Da sun yi faɗa, da sun zage mu, da na ji sauƙi. Ba wadda ta ɗaga murya. Kowace ta gaishe da Mma, ta tambayi mai jego, ta ce a ba ta zarenta. Mma ba ta tambayar kowa suna, ba ta kuma yi kuskure ko sau ɗaya ba. Matan da ta auna tun suna 'yan mata, waɗanda ta auna iyayensu, duk haka suka karɓa suka ƙulle a bakin zane suka fita.

Amaryar Kanvili ta zo ran jajibere, lulluɓe da mayafi. Yarinya ce Badagomba, mai kunya, ba ta kai ni shekaru ba. Ta durƙusa ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Mma, maigida a tasha ya ji. Yaran mota ne suka yi mishi barka. Ni ban faɗa mishi ba tukuna."

Mma ta riƙe hannunta ta ce, "Na ci amanarki, 'yata. Ki yafe mini."

Ita ta ce ta ci amana. Ita da ke Nyanshegu tana dama wa mai jego kunu. Ina tsaye a bayanta, na bar ta ta ɗauki laifina.

Da yarinyar ta fita na yi kan yayana. Yana tsakar gida yana goge takalmin Idi yana fito. Na zage shi tas, na ce masa ɗan tallan banza, na ce ya kai tsiraicin matan mutane kasuwa don a ce ya waye, na ce gara da ya zauna a Kumasin. Na ɗauki faifan garmahonsa na maka da ƙasa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ai mata ne, kafin babbar Sallah sun manta. Sannan ya ƙara da cewa, "Ni dai ban san zaren kowa ba. Wa ya nuna mini?"

Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a lokacin ba.

Matan ba su manta ba. Yayana ya koma kudu bayan Sallah, ya yi arziki a sayar da kaya, ya mutu ana yabonsa, keken ɗinkin ma ban gan shi ba. Atamfar da ya kawo, Mma ta sa an rufe akurkin kaji da ita. Ta ci gaba da shirya sarƙar wuya da abin hannu har ƙarshen ranta, muna ci muna sha, amma ba ta ƙara zagaya ƙugun kowa da zare ba.

Ran Sallah da safe, mutane na ta wucewa zuwa Idi, ta kira ni ɗaki. Tun ranar Bafillatana ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma daina yi mini magana ba, har na fara zaton na tsira. Ta tura ƙyaure kamar yadda take yi wa masu zuwa awo. Na duba ƙusar, saura zare ɗaya, mai shuɗin dutse uku. Ta shafa shi, ta zaro, ta miƙo mini da hannu biyu.

Ta ce, "Ga naki. Ki adana abinki. Ɗakin nan ba ya riƙe sirri yanzu."

Na ce, "Mma, ni ban ce a ba ni ba."

Ta ce, "Na sani."

Ta buɗe ƙyaure ta fita ɗora tukunyar Sallah. Zaren yana nan a wurina cikin wani tsohon gwangwanin shayi. Ƙulli biyu ne a jikinsa, na budurci da na auren fari. Na sake aure bayan nan, na haifi 'ya'ya biyar, huɗu a gaban idonta, kuma har yau ƙulli biyun ne.