Neman Wanda Ya Halarci Ɗaurin Aurena

Shekarun baya can, mako guda da fitata daga takabar maigidana, na saka hijabina na fita unguwa na tari keke daga Fadaman Mada zuwa ofishin fansho. Marigayin direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, saura shekara biyu ya yi ritaya hawan jini ya kwantar da shi, bai tashi ba. Shekara ashirin da tara muka yi tare, mu biyu rak a gidan haya, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ni marainiya ce, kawuna ya riƙe ni, shi ma ya daɗe da rasuwa. Idan haƙƙin maigidana bai fito da sunana a ciki ba, abin da ya rage mini shi ne in ɗaure kayana in tafi ƙauye wurin dangin da rabona da su tun ina yarinya.

Na je da ƙarfina, don na haɗa duk abin da aka ce a kawo: takardar rasuwa ta asibiti, takardar ɗaukarsa aiki, hotuna, har da waɗanda ba a tambaya ba. Wata ma'aikaciya matashiya ce ta karɓe ni, mai hankali, da na haihu da ta yi sa'ar 'yata. Ta ɗauko fayil ɗinsa ta buɗe, sai ga hotonsa yana saurayi da suma cunkus a ka. Ta daɗe tana duba wata takarda kafin ta ɗago.

"Mama, a nan fa an rubuta ba shi da mata."

Waɗanda suka san ni sun san bakina ba ya jiran izini. Na ce, "To ni wa nake tuƙa wa tuwo shekara ashirin da tara?"

Ba ta yi fushi ba, ta juyo da takardar ta nuna mini. Fom ne da ya cike ranar da aka ɗauke shi aiki, tun kafin ya san ni. Wurin aure ya rubuta babu, wurin magaji ya rubuta mahaifiyarsa, wadda ni na yi jinyarta har ta cika. Ta ce ƙa'ida ita ce ma'aikaci in ya yi aure ya dawo ya gyara wannan takarda, shi kuwa bai dawo ba. Yanzu ofis ba zai biya kowa ba sai da takardar kotu mai jera magada, kotu kuma ba za ta sa ni a ciki ba sai na kawo shaidar aure. Na ce mata a zamaninmu wa yake ba da takarda, Fatiha ce da goro da alawa, kowa ya watse.

Ban yi mamakin maigidana ba. Mutum ne mara magana, wanda in ya ce miki "abincin ya yi", to ki rubuta ranar. Bai taɓa zagina ba, bai kuma taɓa ce mini yana sona ba. Ya fita da safe, ya dawo da cefane, ya kunna rediyo. Na riga na sa wa raina cewa haƙuri ne ya zaunar da mu, ni da shi.

Washegari na je kotu. Magatakarda ya ce in kawo mutum biyu: mai unguwarmu wanda ya san zamanmu, da kuma wani da ya halarci ɗaurin auren da kansa. Ya ɗauki biro ya ce, "Hajiya, su wa suka halarta?"

Na buɗe baki sai na ga ban sani ba. Ta ina zan sani? Mu mata ba ma zuwa. Ranar ina ƙuryar ɗakin matar kawuna, lulluɓe, hannu da ƙafa duk lalle, sai dai na ji an rangaɗa guɗa a tsakar gida an ce an ɗaura. Aurena ne, amma ko ƙofar masallacin ban gani ba.

Mai unguwa bai ba ni wahala ba. Na biyun ne ya sa na yi kwana uku ina zaga unguwar Gwallaga, inda aka ɗaura auren. Kawuna da ya yi mini waliyyi ya rasu. Shugaban direbobin da ya karɓa wa maigidana auren ya rasu. Limamin ya rasu, ɗansa ne ke jan salla, ya ce lokacin ko makarantar allo ba a sa shi ba. Ƙannen maigidana suna ƙauyensu, su ma yara ne a lokacin, ba a zo da su ba. Gidan kawuna kuwa an sayar an rushe, an jera shaguna. Na tsaya daidai inda ɗakina yake a dā, wani yana gyaran waya a wurin, ya tambaye ni ko caji zan sa.

Tsofaffin matan unguwa biyu sun gane ni. Ɗaya ta tuna kamu, ɗaya ta tuna irin atamfar da aka yi anko, har ta ce tana da guntunta a ƙasan akwati. Amma su ma a cikin gida suke ranar, kamar ni.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wani mutum a bakin kotu da ya tare ni ya ce, "Hajiya, ai ni na halarta, ina sahun gaba. Wace shekara ma aka yi?" Na dube shi, gemunsa ko furfura ɗaya babu. Na zazzage shi tas, na wuce ina huci. Amma da na isa gida na zauna, wallahi sai da na yi tunanin komawa in neme shi. Abin da ya hana ni, ban so a ɗora aure na gaskiya a kan rantsuwar ƙarya.

Kwanakin nan su ne mafi kaɗaici da na taɓa gani, sun fi na takaba. A takaba ana shigowa, ana gaishe ki, ana kiran ki matar wane. Yanzu kuwa ƙafa ta ɗauke. In dawo da la'asar ƙafafuna sun kumbura, in auna shinkafa, sai ta dahu in ga ta mutum biyu na dafa. Har na fara jin kamar takardar nan ta fi ni gaskiya, tunda duk wanda zai ce ya gani yana maƙabarta.

Rana ta huɗu, wata tsohuwa mai ƙosai a bakin layi ta ce, "'Yar nan, kin nemi sanƙira kuwa?" Sanƙira, ga yaran yanzu, shi ne mutumin da ke tashi tsaye a wurin ɗaurin aure yana ɗaga murya yana maimaita abin da liman da waliyyai suka faɗa, don na nesa su ji. Ban taɓa tunaninsa ba, don ba a lissafa shi cikin manyan baƙi.

Na same shi a wani zaure bayan ƙaramin masallaci, kan buzu. Idanunsa sun tafi, muryar da ake ji daga layi uku ta koma raɗa. Na durƙusa na gaishe shi.

"'Yar gidan wa?"

"Baba, riƙon Bafulatanin nan ce mai sayar da igiya a kasuwar shanu."

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Can ya ce, "Ranar Juma'a. An sha ruwan sama. Angon direba ne, dogo." Ya ƙara da cewa in zo da keke ranar da alƙali ya sa, zai je.

Ranar zaman kotu na riƙe masa sanda har gaban alƙali. Bayan ya yi rantsuwa, alƙali ya ce, "Baba, aure nawa ka sanar a rayuwarka? Ta yaya ka riƙe wannan?"

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Allah ya gafarta malam, ai ango ɗaya ne ya taɓa bar mini takalmi."

Ya ce ana shafa Fatiha angon ya tashi cikin babbar rigar aro da ta yi masa yawa, ya bi jama'a yana gaisawa da kowa, wasu har sau biyu, bakinsa ya ƙi rufuwa. Daga nan ya fice ya kama hanya cikin taɓo ba takalmi, ya bar sababbin takalmansa a ƙofar masallaci. Shi sanƙira ya kwasa ya bi shi da gudu, sai a bakin titi ya cim masa.

"Na ce ango ga takalmanka. Ya ce, 'Baba, riƙe su na ba ka, ni yau ban ma san ina da ƙafa ba.' Salla biyu na yi da su, ranka ya daɗe, suna matse ni."

Kotu ta ɗauki dariya, har alƙali sai da ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ja hijabi na rufe fuskata. Mutumin da na yi shekara ashirin da tara ina zaton haƙuri yake yi da ni, ashe haka ya yi ranar da aka ba shi ni. Alƙali ya sa hannu, aka rubuta sunana a matsayin matarsa.

Na mayar da tsohon zaurensa, na hau keke zuwa gida. Duk hanya dariya nake yi ni kaɗai, ina shirya yadda zan tsokane shi. Zan ce, "Malam, ashe kai ne mai tafiya ba takalmi?" Na san ma yadda zai yi, zai ƙara muryar rediyo ya kau da kai. Har sauri nake ce wa mai keken ya yi. Sai da na ciro makulli na kama kwaɗon ƙofa na tuna babu kowa a ciki. Na zauna a dokin ƙofar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Bayan wasu watanni haƙƙin ya fito. Kotu ta raba, aka ba ni rabona, ƙannensa suka karɓi nasu, ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Ban tafi ƙauye ba, ina nan a ɗakina har yau.

Maza masu aikin gwamnati, don Allah ku je ku duba abin da kuka rubuta a fayil ɗinku kuna samari. In kun yi aure ku gyara, in an yi haihuwa ku gyara, rabin yini ne kawai. Mata kuma ku nemi takardar aurenku tun waɗanda suka halarta suna da rai. Ni sa'a na ci, da na ƙara shekara guda da ban sami kowa ba, don damina na zagayowa sanƙiran ya rasu. Na je ta'aziyya, iyalansa suka yi ta kallona, ba su san ko ni wace ce ba.

Na yafe wa maigidana fom ɗin da bai gyara ba. Abin da har yau nake jin haushinsa a kai shi ne da bai ba ni labarin nan da bakinsa ba, muka yi dariyar tare. Wani lokaci ina tsakar gida ina wanki sai abin ya faɗo mini, in yi ta dariya. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman gida, ke da wa?" In ce mata ni kaɗai ce.