Hoton da Za a Rataya wa Fure

Babu wanda ya kai Mzee Jayantilal mai tambu shan hoto a unguwar Kisutu, amma ba shi da hoton kansa ko ɗaya da zai nuna wa mutum. Shagonsa na manne da nawa. Ni ina gyaran agogo, shi yana naɗe ganyen tambu da kayan ƙamshi, masu saye su tauna bakinsu ya yi jawur. A nan Dar es Salaam aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Indiya kuwa, ƙasar kakanninsa, a jikin kalanda kawai ya taɓa ganin ta.

Kowace Asabar masu kyamara sukan cika layinmu. Ba baƙi ba ne, 'yan garin nan ne daga unguwannin masu kuɗi, Masaki da Mikocheni, da hulunan rana da gorar ruwa kamar masu keta hamada, alhali mota ɗaya ce tsakaninmu da su. Su ɗauki hayaƙin turare, su ɗauki tiren alawa, su ɗauki tantabarun ƙofar gidan ibada, sannan su juyo kan Mzee.

Shi ma yana da abin da yake nema a wurinsu. A bangon shagon akwai hoton mahaifinsa, da kwat da murɗaɗɗen gashin baki, an rataya masa zaren furanni kamar yadda ake yi wa kowane mamaci a al'adarsu. Gefen hoton fili ne.

"Nan ne wurina," ya ce mini wata rana. "Ka san abin da yaran gidan nan za su rataya bayan raina? Hoton katin ɗan ƙasa. Wanda na fito kamar an kama ni da akuyar mutane."

Na ce ai gidan hoto na nan bayan layi.

"Kai yaro ne. A gidanmu ba a zuwa da ƙafa a ɗauki hoton bango. Kiran mutuwa ke nan. Sai dai hoton ya zo da kansa."

Shi ya sa duk Asabar yake shafe gashinsa da man kwakwa, ya sa kwat a cikin zafin nan, ya zauna yana naɗe ganye gumi na ɗiga. Masu kyamara kuma kwat ɗin ne ba sa so.

"Baba, cire wannan mana, mu gan ka yadda kake."

"Haka nake."

Wasu su wuce. Wasu su ɗauka, su yi alkawarin kawowa, ba a sake ganinsu.

Sai ga wani saurayi mai suna Gwamaka, da kyamarori biyu a wuya. Ya tsaya yana jujjuya kai.

"Ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri a garinmu ba. Kamar Mumbai."

"Ka taɓa zuwa?" in ji Mzee.

"A'a."

"Ni ma. To, zauna."

Suka shirya: Mzee zai tsaya a ɗauke shi, Gwamaka zai kawo guda babba a cikin gilashi. Mzee ya gyara wuyan riga, ya haɗa leɓe, ya kafa wa kyamara ido irin na mahaifinsa. Gwamaka ya danna ba da son ransa ba, ya koma gefe yana shan ruwan rake.

Da Mzee ya ga an gama, ya tuɓe kwat da riga, ya rage daga shi sai singileti, ya jefa tambu a baki. Nan ne wani ɗan acaɓa ya ja baya ya kifar masa da bokitin ganye. Mzee ya miƙe yana zagin yaron har kakanninsa. Ni dai na ji ƙarar kyamarar Gwamaka.

Gwamaka ya cika alkawari, shi ne na farko da ya taɓa cikawa. Ya dawo da hoto naɗe a takarda, girmansa ya kusa taga. Maƙwabta suka taru aka buɗe. Ga Mzee baki a hangame jawur, hannu a sama, singileti da huda a kan tumbi.

"Ruhin unguwar nan ke nan," in ji Gwamaka, yana dafe da ƙirji.

"Na kwat ɗin fa?"

"Na goge su, Baba. Babu rai a cikinsu."

"Ai na marar rai na ce ka yi mini."

Ana cikin haka matar Mzee, Manjulaben, ta sauko daga bene. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Baban Dipen, ai wannan kai ne. Wannan nake gani kullum da safe. In an rataya mai kwat, jikoki za su tambaye ni ko wane ne."

Ta yi wa Gwamaka godiya, ta cika masa jaka da alawa, ta naɗe hoton a tsohon sari, zanen matan Indiya, ta hau da shi. Kafin la'asar ta buga wa ɗansu Dipen waya ta gaya masa inda ta ajiye shi, don kada a sha wahalar nema in ranar ta zo.

Tun daga makon nan Mzee ya daina shan sukari a shayi. Ya bar soye-soye, ya tono magungunan hawan jinin da ya daɗe da watsarwa. Kullum da sassafe yana fita yawo bakin teku da farin takalmi, yana huci.

"Ba zan mutu in bar musu wancan a bango ba," ya ce mini jiya, yana ɗaure igiyar takalmi.

Manjulaben ta leƙo ta taga.

"Yi ta tafiyarka, Baban Dipen. Takardar hoton mai kyau ce, ba ta koɗewa."